Yadda ƙaramar ƙungiyar yaren Welsh za ta nemi tallafi ba tare da ta jingine yarenta ba

Sa kai ya fi bauta ciwo, a Wales ta Birtaniya na gane ma'anar wannan maganar. Karatu ne ya kawo maigida arewacin ƙasar, muka sa ƙaramar 'yarmu a cylch meithrin na ƙauyen da muke haya, wato wurin renon yaran da ba su isa shiga makaranta ba, inda komai da yaren Welsh ake yi, su Cymraeg suke ce masa. Ranar mitin ɗin shekara da aka zo kan kujerar ma'aji kowa ya sunkuyar da kai yana kallon kofin shayinsa, ni kuma bakina ba linzami na ce ai na taɓa riƙe kuɗin adashi a gida. Shi kenan fa. Kafin in rufe baki an miƙo min wani akwatin takalmi cike da rasit da littafin ceki da fom ɗin neman tallafi guda biyu da aka fara cikewa aka watsar.

Toh abin da na koya tun daga ranar shi zan jera a nan, don na san akwai 'yan uwa a Cardiff da Bangor da Swansea da yaransu ke makarantun Welsh, wata rana su ma za a cafke su a kwamiti.

Ka fara sanin inda matsalar take. A ƙidayar 2021 mutum 538,300 ne suka ce suna jin Welsh, kashi 17.8 cikin ɗari kenan, alhali a 2011 sun kai wajen 562,000. Gwamnatin Wales kuma tun 2017 ta fito da shirin Cymraeg 2050, tana son masu yaren su kai miliyan ɗaya. Idan ka ji haka sai ka ɗauka kuɗi na nan birjik ga duk mai hidimar yaren. Ina! Kuɗin da gwamnati ta ware wa yare yawanci manyan ƙungiyoyi yake tafiya, irin su Urdd ta matasa da aka kafa tun 1922, da Mudiad Meithrin ta 1971, uwar wuraren renon yara irin namu, da Eisteddfod ta ƙasa, wato babbar gasar waƙa da adabi, da Mentrau Iaith, ƙungiyoyin raya yaren a yankuna. Su kuma ƙananan, 'yan jaridun unguwa da ake kira papurau bro, rassan matan Merched y Wawr, ƙungiyar mawaƙan ƙauye, eisteddfod ɗin da ake yi a ɗakin taron ƙauye sau ɗaya a shekara, su ne ainihin inda ake magana da yaren kullum, amma su ne ba su da ma'aikaci ko ɗaya da aikinsa cike fom. Ga shi kuɗin Tarayyar Turai da karkara ta saba samu ta shirin LEADER ya ƙare bayan Birtaniya ta fita. Saboda haka dole ka shiga layi ɗaya da kulob ɗin ƙwallo da masu rabon abinci, a gaban masu kuɗin da ba don yare suka buɗe asusunsu ba. Duk dabarar ita ce ka karɓi kuɗin nan kuma mitin ɗinku bai koma Turanci ba.

Mataki na 1: ku gyara gida kafin ku gayyaci baƙo

Tun ran gini tun ran zane. Babu mai ba da tallafin da zai tura kuɗi asusun Anti wance don kawai kowa ya yarda da ita (eh, a cylch ma Anti yara ke ce wa malamansu, ranar farko da na ji sai da na yi dariya). Abu huɗu za a tambaya kusan ko'ina.

Na farko tsarin mulkin ƙungiya, su cyfansoddiad suke cewa. Shafi biyu ko uku ya isa: sunan ƙungiya, manufarta, yadda ake zaɓen kwamiti, mutum nawa ne za su zauna kafin mitin ya halatta, da inda kuɗi za su koma in ƙungiyar ta rushe. Ga inda nake so ka nutsu, ku rubuta ƙarara a cikin manufar cewa da Welsh ƙungiyar ke gudanar da aikinta. Tsofaffin ƙungiyoyi da yawa ba su rubuta ba don a ganinsu ai abu ne sananne, toh ranar da wani ya tambaya me ya sa ba ku yi da Turanci ba, wannan layin ne zai tsaya muku. A sa hannu, a sa kwanan wata.

Na biyu kwamiti, ciyaman da sakatare da ma'aji, kuma kada su zama 'yan gida ɗaya. Na uku asusun banki da sunan ƙungiya, daidai harafi da harafi yadda yake a tsarin mulkin, da mutum biyu marasa dangantaka masu sa hannu. Wannan na ukun shi ya fi cin rai wallahi. A ƙauye kusan kowa ɗan uwan kowa ne, ko ta jini ko ta aure, sannan waɗanda ba su haɗa komai ba ma sunansu ɗaya, Jones da Jones, Williams da Williams. Mu sai da muka rubuta wasiƙa muna bayanin cewa ciyaman da sakatarenmu suna kawai suka haɗa. Ga rassan banki an rurrufe a ƙananan garuruwa, canza mai sa hannu kaɗai ya ci mana wajen wata uku, sannan sunan ƙungiyarmu da ke da ɗan rufi a kan wasali ɗaya kwamfutarsu ta mayar da shi wata alama daban, sai sunan asusu ya saɓa da na fom. Ka duba wannan tun yanzu, kar ka bari sai ana saura kwana uku a rufe karɓa.

Na huɗu lissafin kuɗin bara, shiga da fita a shafi ɗaya, wani wanda ba ya cikin kwamiti ya duba ya sa hannu. In sabuwar ƙungiya ce sai ku yi kiyasin shekara mai zuwa.

Batun rajista kuma, a Ingila da Wales ƙungiyar jinƙai da kuɗin shigarta ya wuce fam 5,000 a shekara dole ta yi rajista da Charity Commission, kuma ana iya yi da Welsh. Ƙasa da haka kuna iya zama ba rajista kuma masu tallafi da dama za su saurare ku. Akwai wani tsari da ake kira CIO wanda ke kare 'yan kwamiti daga biyan bashin ƙungiya daga aljihunsu, in kuna da ma'aikata ko hayar gini ku yi tunaninsa sosai. In aikinku ya shafi yara ko tsofaffi masu rauni sai kun haɗa da takardar tsarin kare su, da binciken DBS na tarihin laifin masu aikin, da inshora.

Mataki na 2: ku rubuta abin da kuke buƙata kafin ku leƙa wa ke rabon kuɗi

Kuskuren da aka yi a fom biyun nan da na gada kenan. An ga sanarwar kuɗi na harkar lambu sai aka ƙirƙiro lambu, alhali abin da ke damunmu kuɗin hayar ɗaki ne da na ɗumama shi lokacin sanyi. Kwaɗayi mabuɗin wahala, da an samu kuɗin da yanzu muna can muna noman da ba wanda ya yi niyya.

Ku zauna da shayi, paned kamar yadda suke cewa, ku amsa tambaya biyar a takarda ɗaya. Me za mu yi, su wa za su amfana kuma su nawa, yaushe, nawa zai ci, me zai canza in an yi. Gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce yawancin masu tallafi sabon aiki suke so, abin da za a ɗauki hoto a yanke ƙyalle, su kuma ƙananan ƙungiyoyi abin da suke nema kawai a ci gaba da abin da ake yi shekara arba'in. Papur bro, jaridar unguwa, misali, tun da Y Dinesydd ta fara fita a Cardiff a 1973 aikin ɗaya ne, a tattara labarin wa ya haihu wa ya rasu wa ya ci jarrabawa, a kai wa mai bugawa, a ninke a raba gida gida. Ba sabon abu a ciki, kuma kuɗin takarda kullum hawa yake. Mafita ba ƙarya ba ce, ku nemo sashen aikinku da gaske yake buƙatar sabuntawa ku sa shi gaba, kamar koya wa matasa biyar haɗa shafi a kwamfuta, ko shafin masu koyon yare, sannan ku sa rabon haya da wuta da bugu da wannan aikin zai ci a cikin kasafinsa. Halal ne, kuma su ma sun san ana yi.

Mataki na 3: ku je wurin waɗanda aka ajiye don su taimake ku

Kowace gunduma tana da majalisar ƙungiyoyin sa kai, Mantell Gwynedd a Gwynedd, Medrwn Môn a tsibirin Anglesey, CAVO a Ceredigion, CAVS a Carmarthenshire, haka dai, uwarsu kuma WCVA. Suna da jami'in da zai duba muku tsarin mulki da fom kyauta. Akwai kuma rumbun Funding Wales a intanet da za ka yi rajista ka bincika masu tallafi. Sai Menter Iaith ta yankinku, guda 22 ne a faɗin ƙasar, ta farko a Cwm Gwendraeth aka kafa ta a 1991. Zuwa da kai ya fi aike, kada ka tsaya a imel, ka je ofis ɗin su san fuskarka, don wani ƙaramin asusun ba a ma tallata shi sosai, a baki ake ji.

Mataki na 4: ku fara da na kusa, daidai ruwa daidai tsaki

Mutane na tsallake kuɗin da ke bakin ƙofarsu su tafi neman na Landan. Wales tana da majalisun unguwa da na gari sama da 730, cyngor cymuned, kuma doka ta ba su damar ba ƙungiyoyin yankinsu ɗan abin da ya samu. Ba yawa, 'yan ɗaruruwan fam ne galibi, amma sau da yawa wasiƙa ɗaya da kwafin lissafi sun isa, kuma a yankunan da yaren ke da ƙarfi da Welsh kansilolin ke zama, ba sai ka yi wa kowa bayanin me ya sa yaren ke da muhimmanci ba. Ka aika tun kaka, kafin su tsayar da kasafinsu a farkon shekara. Kuma wannan ɗan kuɗin shi ne shaidar da za ka nuna wa babban mai tallafi cewa mutanen gida sun yarda da ku.

Daga nan sai asusun da ya samo asali daga dokar cocin Wales ta 1914, wanda majalisun gunduma ke riƙe da shi. Sai kuɗin injinan wutar iska, in kuna kusa da su kun dace, Pen y Cymoedd kaɗai fam miliyan 1.8 yake warewa duk shekara ga kwarurukan Neath da Afan da Rhondda da Cynon, akwai na Brechfa da Clocaenog da Gwynt y Môr su ma. Sai dai iyaka ce da su a taswira, ƙauyen da ke ƙetaren layi ko da mil ɗaya ne ba ya samu.

Akwai kuma waɗanda tun asali sun san yaren, su ne masu sauƙin sha'ani. Gidauniyar James Pantyfedwen da ke Aberystwyth tana taimakon eisteddfod na ƙauyuka. Cronfa Glyndŵr tana tallafa wa masu yaɗa karatu da Welsh, har da irin cylch ɗinmu. Ras yr Iaith, gudun da aka fara a 2014 ana koyi da Korrika na mutanen Basque, kuɗin da ya tara ƙananan ƙungiyoyi ake raba wa. In wasan kwaikwayo ko mawaƙi kuke son kawowa ɗakin taron ƙauye ku nemi shirin Noson Allan na majalisar fasaha ta Wales, yana ɗauke muku fargabar asara in tikiti bai sayu ba. Masu kiɗa su duba Tŷ Cerdd, masu gayyatar marubuci su duba Llenyddiaeth Cymru.

Sannan babban, wato Awards for All na National Lottery Community Fund, daga fam 300 zuwa 20,000, aikin har shekara biyu, kuma ba sai kuna da rajista ba in dai kuna da tsarin mulki da asusu. Nan fa sai na tsaya. Kuɗin daga tikitin caca yake fitowa, ni kuma na gaya wa kwamiti gaskiya ba zan sa hannuna a wannan fom ɗin ba. Ina ta fargabar yadda za su ɗauka, sai wani dattijo ɗan capel, wato cocin ƙauye, irin tsofaffin masu ibadar nan, ya ce shi ma tun da aka fara cacar a 1994 bai taɓa yarda da kuɗinta ba. Ashe ba ni kaɗai ba ce. Aka yi ƙuri'a, masu so suka fi yawa, wasu biyu suka sa hannu. Ban zo da fatawa ba, kowa ya tambayi malaminsa, amma ka faɗi matsayinka tun farko kafin mutane su ɓata dare uku suna cike fom.

Mataki na 5: da wane yare za a cike fom ɗin

Wannan muhawarar sai da ta kusa raba mana kwamiti. Dokar yaren Welsh ta 2011 ta ba yaren matsayin hukuma, ta kuma kafa ofishin Kwamishinan yaren, kuma a ƙarƙashin ƙa'idojin da suka biyo baya majalisun gunduma da gwamnatin Wales dole su karɓi neman tallafi da Welsh kuma kada su fifita na Turanci a kansa. Duk da haka za ka ji mutanen da aka haifa cikin yaren suna cewa gara mu cike da Turanci, kar a kai wa mai fassara ya ɓata mana ma'ana, ko a jinkirta mu. Wasu kuma kunya ce, suna ganin Welsh ɗinsu na magana ne ba na takarda ba, irin dai yadda wani Bahaushen zai yi hira awa uku da Hausa amma in aka ce ya rubuta wa ofis wasiƙa sai ya koma Turanci.

Ni ra'ayina, duk inda aka ba da fom na Welsh a cike da Welsh. Ofisoshin nan suna ƙirga nawa suka shigo da kowane yare, in ba a amfani da shi gobe za a ce ba mai buƙata. Amma ka yi da wayo. Ka buga waya ka tambaya ko wanda zai duba takardar yana jin yaren ko fassara za a kai masa. In fassara ce, ka rubuta gajerun jimloli, ka bar karin magana da salon yankinku, adadi kuma ka sa da lamba. Ka wuce da rubutun ta Cysill, manhajar gyaran rubutu ta jami'ar Bangor. Sannan ka kula da iyakar kalmomi a akwatunan fom, don abin da Turanci zai faɗa a layi huɗu wani lokaci Welsh sai ya ci biyar.

Gidauniyoyin Ingila kuwa ba ruwansu da wannan doka, Turanci za ka rubuta, kuma ka ɗauka mai karantawa bai taɓa jin kalmar eisteddfod ba. Ka yi masa bayani a layi ɗaya, gasar waƙa da rera waƙa da karatu ce ta al'umma. Tsarin mulkinku da lissafinku in da Welsh suke za a ce a fassaro, ku fassara sau ɗaya da kyau ku ajiye.

Mataki na 6: tambayar nan ta kowa zai iya shiga?

Duk fom tana ciki, kuma a nan ƙungiyoyin Welsh ke faɗuwa ko su miƙa wuya. Mai duba takarda yana ganin an ce da Welsh kawai ake yi sai ya ce toh an ware wasu kenan. Su kuma 'yan kwamiti don tsoron rasa kuɗi sai su rubuta za mu yi da yare biyu, kuma duk wanda ya zauna a nan ya san ƙarshen wannan, mutum goma sha biyu na hira da Welsh, mutum ɗaya da ba ya ji ya shigo, don kara sai kowa ya juya Turanci, bayan wata shida ƙungiyar ta zama ta Turanci mai gaisuwa da Welsh. Kada ku yi alkawarin da zai kashe dalilin kafa ku.

Abin da za ku rubuta shi ne ƙofa a buɗe take ga kowa, ga kuma yadda muke riƙe hannun wanda bai iya ba. Sanarwa da fosta da yare biyu. Mutum ɗaya da zai zauna kusa da baƙo yana raɗa masa. A babban taro a ɗauko tafinta mai fassara nan take da na'urar sawa a kunne, cyfieithu ar y pryd, mai magana ya ci gaba da Welsh ɗinsa wanda ba ya ji ya saurara ta kunne. Haɗin gwiwa da ajin koyon Welsh na Dysgu Cymraeg da ke yankinku don masu koyo su samu wurin gwada bakinsu. Ita hukumar lotiri a Wales tana son ayyukan da ta biya su kasance da yare biyu kuma tana yarda a sa kuɗin fassara a kasafi, toh ku kira su tun kafin ku cike ku yi bayanin yadda naku tsarin yake.

Ni kaina na zama hujja. Mace baƙa da hijabi tana lissafi da guntun Welsh ɗinta, duk rahoton da za a aika sai an ce in tsaya a hoto. Na yarda sau biyu, na uku na ce a'a, a sa iyayen da suka ƙauro daga Ingila su ma, don su ne suka fi yawa cikin masu koyo kuma ita ce gaskiyar ƙauyen.

Sai hujjar buƙata. Masu tallafi da yawa suna duba ma'aunin talauci na gwamnati, WIMD, su kuma ƙauyukan da yaren ya fi ƙarfi ba kasafai suke fitowa a sahun matalauta ba, don talaucin karkara a warwatse yake. Amma ma'aunin yana da sashen nisa da hidimomi, bas da likita da shago, a nan karkara ke fitowa, shi za ka ɗauko. Ka haɗa da adadin ƙidaya, a 2021 masu yaren kashi 64.4 ne a Gwynedd, 55.8 a Anglesey, 45.3 a Ceredigion, 39.9 a Carmarthenshire, ka nemo na unguwarku ka kwatanta da na 2011. Kada ka tsaya kan yare zai mutu kawai, ka nuna me yaren ke ɗauke da shi. Tsohuwar da mijinta ya rasu wadda ba ta fita sai ranar taron Merched y Wawr, maganin kaɗaici kenan. Mai ciwon mantuwa da Turancinsa ya gudu ya bar shi da yaren uwa, harkar lafiya kenan. Yaron da zai shiga makarantar Welsh daga gidan da ba a yi, ilimi kenan. Kuma dokar jin daɗin al'ummomi masu zuwa ta 2015 tana da manufofi bakwai, ɗaya a ciki ita ce al'ada mai rai da yaren Welsh mai bunƙasa, manyan hukumomin gwamnati a Wales an ɗora musu wannan, ka ambata shi a fom ɗinsu ba kunya. Ka tambayi mutanenku ma, ko takarda ce mai tambaya uku a bakin ƙofa, ka rubuta mutum nawa suka amsa da abin da suka ce.

Mataki na 7: kasafi

Ka sa farashin gaske, ka nemo shi a rubuce daga masu kaya, babban abu kuma daga wuri biyu ko uku. Kuɗin fassara da tafinta layinsa daban, ka duba jerin mambobin ƙungiyar masu fassara, Cymdeithas Cyfieithwyr Cymru, ka tambayi farashi. Kada ka ce ai Anti za ta fassara da daddare kyauta, haka ake gajiyar da mutum ɗaya har ta ajiye aikin gaba ɗaya.

Wasu za su ce sai kun kawo naku kason, arian cyfatebol. A ce aikin fam 4,000 ne suka ce ku kawo kashi 20, toh 800 kenan, a nan kuɗin majalisar unguwa da na sayar da kek da shayi ke shigowa. Ka tambaya ko suna ƙirga awannin 'yan sa kai a matsayin kaso, wasu na yi, in haka ne ku buɗe littafin sa hannu tun yau. In hukumar haraji ta san ku a matsayin ƙungiyar jinƙai ku yi rajistar Gift Aid, duk fam 4 da mai biyan haraji ya ba ku za a ƙara muku fam 1.

Abu biyu da ke karya ƙananan ƙungiyoyi. Kada ku kashe ko sisi kafin takardar amincewa ta zo, kusan ba mai biyan abin da aka riga aka saya. Sannan ka tambaya yaushe kuɗin ke shigowa, don wasu sai kun kashe naku kun kai rasit sannan a mayar muku, ƙungiyar da ke da fam 600 a asusu ba za ta iya gaba da 5,000 ba komai kyan tallafin.

Mataki na 8: aikawa da jira

Ka rubuta amsoshin a wani fayil daban sannan ka kwafa cikin fom na intanet, don yana iya ɗaukewa ya tafi da aikin awa biyu, balle da intanet ɗin ƙauye. Ka ba wani wanda bai san ƙungiyar ba ya karanta. Ka aika saura kwana uku ko huɗu. Amsa na iya ɗaukar watanni, don haka abin da za a yi ranar 1 ga Maris, ranar bikin Dewi Sant, waliyyin Wales, tun kaka ake nemansa. In an ƙi ku, ka nemi dalili a rubuce. In kuma ka ga alamar don kun rubuta da Welsh ne wata hukumar gwamnati ta jinkirta ku, kuna da damar kai ƙara wurin Kwamishinan yaren.

Mataki na 9: bayan kuɗi ya shigo

Ka karanta sharuɗɗan a gaban kwamiti duka, a rubuta a littafin mitin. Kuɗin tallafi a yi masa shafinsa daban, ba a taɓa shi don biyan wani abu ko da aro ne. In farashi ya canza ko kuna son juya wani layi zuwa wani, ku nemi izini a rubuce kafin ku yi. Tambarin mai tallafi a sa na yare biyu. Ku riƙa ƙirga masu zuwa kowane zama, har da nawa ne masu koyon yare, hoton yara kuma sai da izinin iyaye.

Sannan ku buɗe imel na ƙungiya, ba na mutum ɗaya ba, lambar sirri a hannun mutum biyu, duk fom da aka taɓa aikawa a ajiye kwafinsa wuri guda, don kwamitin cylch duk shekara biyu yake juyewa, yara na wucewa makaranta iyayensu na bin su. Ni na mayar da akwatin takalmin nan fayil mai zobe, kowane rasit na ɗauke shi a waya ranar da ya shigo hannuna. Rahotonmu na gaba ƙarshen Maris ne, kuma har yanzu akwai rasit ɗin fenti guda biyu da Anti ta ce suna cikin motarta.